Daga ɗinkin 'yan gida zuwa shago da aji: yadda za ki mayar da kekenki sana'a

Wata ƙanwar ƙawata ce ta turo min saƙo cikin dare, wai Anti na gama koyon ɗinki wata huɗu kenan, Baba ya siya min keke, amma har yanzu kayan 'yan gidanmu kawai nake ɗinkawa kuma ba mai biya. Na yi dariya ni kaɗai don nima haka na fara, shekara guda cur ina ɗinka wa dangi, ladan da nake samu shi ne "Allah ya yi albarka". Albarkar kam muna so wallahi, amma mai shagon zare kuɗi yake karɓa. Na ce mata bari in zauna in rubuta abin a tsanake, ita ta karanta, duk mai irin matsalarta ma ta karanta. A Kano nake, kasuwannin da zan ambata na Kano ne, amma in kina Zariya ko Katsina ko Maraɗi sai ki duba makamancinsu a garinku. Maza teloli ma ku yi haƙuri da "ki" ɗin da zan dinga yi, maganar ta shafe ku.

Da farko ki tsayar da abu ɗaya

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne daga fitowa sai ta ce ina ɗinka komai, riga da siket, doguwar riga, bubu, kayan amare, labule, har kaftanin maza in an kawo. Ƙarshenta komai ana yinsa sama-sama. Ki zauna ki tambayi kanki wane abu ne in na ɗinka ba na jin tsoron a juya cikinsa a duba. Shi za ki fara da shi, a san ki da shi a unguwa.

Ni da hijabin yara 'yan Islamiyya na fara, kuma har gobe shi nake ba sabbin shiga shawara, shi ko zanin gado da rigunan filo. Dalili kuwa ba sai kin auna ƙirji da ƙugu ba, ba ruwanki da "ya matse ni a hammata", kina iya ɗinka dozin ki ajiye kafin mai siya ya zo, kuma hannunki yana faɗawa da sauri saboda abu ɗaya kike maimaitawa. Wuri ɗaya ne a hijabi yake buƙatar hankali, zagayen fuska, in ya yi faɗi gashi a waje in ya matse yarinya ta wuni tana ja. Ki yi masa girma uku, ƙarami da matsakaici da babba, ki yanka kowanne a kwali ki rataye a ƙusa, kin huta da awo kullum. Zanin gado kuma ki san katifun da mutane suke da su, mai ƙafa shida da shida ita ce ta yawancin amare, sai mai huɗu da rabi, kuma ki bar isasshen abin da za a cusa ƙarƙashin katifa don mata ba sa yafe zanin gadon da ke zamewa.

Ɗinkin atamfa da leshi zai zo da kansa, matar da ta siyi hijabin 'yarta ta ga ɗinkin ya fita tas ita ce za ta dawo da turmi a leda.

Keke da kayan aiki

In kina da keken takawa irin su Butterfly ko tsohuwar Singer, kar wani ya sa ki raina shi. Baƙin keken nan ba ruwansa da an ɗauke wuta, kowane makanike ya san shi, kayan gyaransa kuma ko'ina akwai. Daga baya kina iya sa masa moto ki dinga amfani da shi in akwai wuta, in babu ki mayar da bel ki taka. Manyan kekuna na indastiriyal irin su Juki suna da gudu da kyan ɗinki, ba musu, amma sai da wuta, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk wacce take tada janareto saboda riga ɗaya ta san abin da take ji a aljihu. Sai aiki ya yi miki yawa har kina mayar da kwastoma sannan ki fara tunanin babban keke, ko ki haɗa da sola in da hali.

In na hannu za ki siya a Sabon Gari, ki tafi da makanike ko wata da ta daɗe a harkar, sannan ki tafi da ƙyallenki kala biyu, mai kauri da mai santsi. Ki zauna ki taka da kanki. Ki juya bayan ɗinkin ki gani, in zare yana taruwa a ƙasa kamar gemu ko yana tsallake, ko dai saiti ne ko wani abu ya cinye a ciki, makaniken zai gaya miki wanne ne. Kar ki yarda da ƙyallen da mai shago ya riga ya ɗinka ya maƙale a ƙarƙashin allura.

Sauran kaya ba su da yawa. Almakashi mai kyau guda ɗaya wanda ba a yanka komai da shi sai yadi, ki ɓoye shi, don ranar da yara suka yanka kwali da shi ya tashi daga aiki. Tef na awo guda biyu, alli, fil, bobin kamar goma don kar ki dinga warware zare duk sanda za ki canza kala, man keke, sai dutsen guga. Allura kuma ki riƙe lambobinta, 11 ta yadi mara nauyi irin su shifon, 14 ta atamfa da yawancin aiki, 16 ko 18 ta mai kauri irin jins da labule. Allurar ƙaramin keke bayanta a shafe yake, ta indastiriyal zagayayya ce, ba a musanya su. Guga kuwa rabin ɗinki ce, duk layin da kika ɗinka ki buɗe shi ki goge kafin ki haɗa na gaba, bambancin ɗinkin gida da na shago yawanci a nan yake. Keken wibin, wato mai ɗinke bakin yadi don kar ya warware, ba dole ba ne a farko, kusan kowace unguwa akwai mai yi ana biyansa kan kowace riga, ki tara ki kai gaba ɗaya.

Shiga kasuwa

Yadi dai Kantin Kwari, nan ne 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru ma suke zuwa sari. Zare da zif da roba da maɓalli kuma ki leƙa Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, ki siya dozin-dozin, siyan ɗai-ɗai a shagon unguwa shi ke cinye riba ba ki sani ba. Ki shiga da safe, ki zaga layi uku ko huɗu kina tambayar farashi kafin ki zaro kuɗi, in kika samu mai gaskiya ki riƙe shi ki karɓi lambarsa, wata rana shi zai turo miki hoton sabon kaya har ya ba ki ki biya daga baya.

Abu biyu da ba a gaya wa sabuwa. Na ɗaya, yadi ba faɗinsu ɗaya ba, akwai mai inci 45 akwai mai 60, na zanin gado ya fi haka, to in aka ce miki wannan ya fi araha ki tambayi faɗinsa tukun. Na biyu, ki yanki ɗan ƙyalle ki jiƙa a ruwa da sabulu ki gani ko yana zuba ko yana shiga, musamman ja da shuɗi mai duhu. Gara ki gano a bokitinki da a gano a gidan kwastoma. Turmin atamfa yadi 6 ne, amma ki saba aunawa a gaban mai kaya in ta kawo, don akwai turmin da ba ya cika, kuma in kika yi shiru ranar karɓa ke za a ce kin ci zani.

Kuɗin ɗinki

Nan ne mata da yawa suke aiki kamar jaki su tashi ba ko sisi. Ki ɗau takarda ki rubuta duk abin da ya shiga cikin abu ɗaya. Lambobin nan misali ne kawai, ki sa na kasuwarki na yau. A ce yadin hijabi ɗaya ya ci 2,500, zare da roba 200, kuɗin adaidaita zuwa kasuwa in kika raba shi kan hijabai ashirin ya kama 100 kowanne, leda da gawayin guga ko wuta 100, sai ki ware 100 na lalacewar keke don allura tana karyewa kuma makanike ba kyauta yake zuwa ba. Kin ga 3,000 kenan kuma ba ki sa wahalarki ba. Yanzu ki tambayi kanki nawa nake so in samu a wuni, kuma guda nawa nake iya gamawa a wuni ba tare da na karya bayana ba. In 5,000 kike so kuma goma kike gamawa, ladanki 500 kenan a kowanne. Sannan ki ɗora riba a kai, ita ce ta sana'ar, da ita za a ƙara jari. Ladan hannunki daban, ribar sana'a daban, in kika haɗe su kika yi cefane da su to jarin ba zai taɓa motsawa ba.

Kuma duk sanda kika koma kasuwa ki sake lissafin, don farashin da kika saro da shi wancan watan ba lallai ki same shi ba. Ki dinga siyarwa da lissafin abin da za ki sake sarowa.

Maganar dangi kuma, ki faɗi kuɗinki da fara'a tun kafin ki karɓi leda. "Yaya, kin san yanzu sana'a ce, naki dubu kaza ne na rage miki kaza." Za a yi ƙorafi sati biyu, za a ce kin fara ji da kanki, daga baya a saba. Hajiyarki da kakarki kam ki ɗinka musu kyauta ki nemi albarka, amma ki san ke kika zaɓa.

Kuɗin sana'a ya samu gidansa daban. Ki buɗe asusu na biyu, ko na banki ko irin su OPay da Moniepoint, wanda ba a siyan kati ko maggi daga cikinsa. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta koya wa kowa karɓar tiransfa, amma kar ki saki kaya don an nuna miki hoton rasit, ki ga alat a wayarki tukun. Adashi ma yana taimakawa sosai wajen siyan keke na biyu, ki dai shiga na mutanen da kika sani ki kuma nemi kwasarki ta faɗo kafin azumi.

Littafi da alƙawari

In ba ki ɗauki komai daga rubutun nan ba ki ɗauki wannan. Kowa ya san sunan da aka sa wa teloli a ƙasar nan, an ce ba mu da alƙawari, kuma gaskiya mu muka jawo. Yawanci kuma ba mugunta ba ce, rashin rubutu ne da kunyar cewa a'a. Ki siyi babban littafi mai bango mai kauri. Duk wacce ta kawo ɗinki shafinta daban: suna, lambar waya, awo, irin ɗinkin har da ɗan zane ko da ba ki iya zane ba, kuɗin da kuka yi, abin da ta bayar na kafin alƙalami, ranar karɓa. Sai ki yanki ɗan ƙyalle daga kayan ki maƙala a shafin da fil. Ƙyallen nan ya raba ni da rigima ba sau ɗaya ba, musamman lokacin anko da mutum takwas za su kawo atamfa iri ɗaya. In hoton sitayil ta turo a waya, ki gaya mata gaskiya tun a lokacin in yadinta ba zai ba da wannan ba ko in jikin mai hoton daban da nata, cikin dabara dai.

Kafin alƙalami rabin kuɗi ne, ba a sa almakashi sai an bayar. Ranar karɓa kuwa ki ƙara kwana biyu ko uku kan abin da kike ganin za ki gama, saboda yaro zai yi zazzaɓi, za a yi rasuwa a unguwa, za a ɗauke wuta ranar guga.

Ga abin da ya same ni da ya sa na shiga hankalina. Wani azumi ne, ina ganin kaya suna shigowa ina ta karɓa ina murna, ban ƙirga ba. Ana saura kwana uku Sallah ina da kaya sun fi ashirin a ƙasa, barci sai dai gyangyaɗi a kan keke bayan sahur. Cikin daren na shimfiɗa wata atamfa mai zanen tsuntsaye ta wata baiwar Allah, na ninka na yanka, na haɗa riga har na sa zif. Da gari ya waye na ɗaga rigar a hasken taga, tsuntsayen gaba suna tashi sama, na baya duk sun kifa kai ƙasa. Na zauna a bakin gado riƙe da riga na rasa kuka zan yi ko dariya. Da azumi a bakina na shiga Kwari ina nuna ƙyalle shago-shago, sai wajen la'asar na samu irinta, da kuɗina na siya, kuɗin ɗinkin mutum biyar ya tafi a nan. Kuma duk da haka mutum uku ba su sa kayansu ranar idi ba, ɗaya har yau in mun haɗu a biki gaisuwar sama-sama muke.

Tun daga nan nake yin abu biyu. Kafin in yanka kowace atamfa sai na tsaya na kalli inda zanenta ya fuskanta na sa alamar alli a sama. Sannan na san kaya nawa nake iya gamawa a sati, ina ninka shi da satin da suka rage, in littafi ya cika na rufe karɓa, yawanci kafin azumi ya kai goma. Wacce kika ce wa "Hajiya ki yi haƙuri na rufe" za ta ji haushi yau amma baɗi da wuri za ta kawo. Wacce kika karɓa kika hana ta kwalliyar Sallah ta tafi kenan, kuma sai ta gaya wa duk 'yan gidansu.

Yadda za a san ki

Ba sai kin kama shago ba, ni shekara uku a ɗakin zaure nake. Sitatus na WhatsApp ya ishe ki farawa. Ki goge kayan, ki rataye a hanga jikin bango mai fari ko ki shimfiɗa a gado mai tsafta, ki ɗauka da hasken rana wajen hantsi, kar a ga bokiti ko takalmin yara a gefe. Ki rubuta kuɗin a jiki, wannan "ki min magana ta inbox" ɗin yana korar masu kunya. Kar ki sa hoton ɗinkin wata ki ce naki ne, kuma kar ki sa hoton kwastoma sai da izininta, wata mijinta ba ya so. Daga baya in kin ga dama ki buɗe Instagram ko TikTok, bidiyon hannu yana yanka ko yana kalmasa mutane suna son kallo, ba sai an ga fuskarki ba.

Amma tallan da ya fi kawo min kuɗi da ƙafa na yi shi. Na ɗinka hijabi uku na sa a leda na je wajen shugaban wata Islamiyya a bayan layinmu, na ce Malam ga irin aikina, in an tashi yunifom a gwada ni. Bai ce komai ba sai bayan wata biyu ya aiko. Masu haɗa kayan ɗakin amare da dillalai masu shiga gida-gida su ma ki ba su kaya da ɗan abin da za su ɗora.

Rajista ba ta gaggawa ba ce, amma in kin fara neman kwangilar makarantu ko kina son asusun banki da sunan sana'a sai ki yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ta intanet ake yi. Hukumar SMEDAN ma tana rajistar ƙananan sana'o'i. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai sa sunanki a tallafi, ki riƙe kuɗinki.

Koyarwa, wadda ita ma sana'a ce mai zaman kanta

Wata rana wata maƙociya za ta shigo da 'yarta ta ce ga ta nan ki koya mata. Kar ki amsa a tsaye. Iya ɗinki daban, iya koyar da shi daban, kuma yawancinmu yadda aka koya mana shi ne ki zauna ki kalla, ki share shago, ki je siyo zif, ki goya ɗan oga, sai bayan wata shida a bar ki ki taɓa keke. Shi ya sa yarinya za ta yi shekara biyu ta fito ba ta iya yanka ba, don yankan a ɓoye ake yinsa. In za ki karɓi kuɗin mutane ki koyar to ki tsara abin kamar makaranta.

Ki fara da mutum biyu ko huɗu, kar su wuce biyu a keke ɗaya, ɗaya tana takawa ɗaya tana yanka ko guga sai su canza. Kekenki na aiki kuma ki ware shi, hannun ɗan koyo yana ɓata saiti. Ki tsayar da ranaku da lokaci, misali kwana uku a sati daga goma zuwa azahar, matan aure sun gama aikin safe kuma za su koma kafin yara su taso. Sauran ranakun naki ne na ɗinkin kwastoma, in kika cakuɗa su duka biyun za su lalace.

Ga yadda nake tafiyar da wata uku na farko. Satin farko ba zare ba yadi, takarda nake ja wa layi da biro, miƙaƙƙe da mai lanƙwasa da mai kwana, su bi da allura tana huda takardar har ƙafa ta saba keke ya daina komawa baya. Suna jin haushin satin nan sosai amma shi ne tushe. Sati na biyu saka zare, naɗa bobin, sa allura, sa mai, kowacce sai ta zare ta mayar sau goma a gabana. Wata ɗalibata allura uku ta karya a wuni ɗaya tana ta cewa keken ne, na tsaya a kanta na ga ashe jan yadin take ta baya da ƙarfi, na kama hannunta na ɗora a gefe na ce bar shi, haƙoran keken ne suke jan yadi, ke saita masa hanya kawai za ki yi. Daga ranar ba ta sake karyawa ba. Irin wannan ba a gano shi sai kin tashi daga kujerarki kin tsaya a bayansu.

Sati na uku su ɗinka rigar filo su tafi da ita gida. Wannan yana da muhimmanci, a gida ana son a ga abin da kuɗi ya haifar, ita ma ɗalibar ta ji ta yi wani abu. Daga nan kalmasar zani da ɗankwali, sai hijabi, sai siket mai roba. Wata na biyu awo da yanka, su auna junansu, su zana a takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida, su yanka a takarda sau da yawa kafin a ba su yadi mai araha. Ki koya musu barin rarar inci ɗaya a gefe don a samu abin buɗewa in ya matse. Wata na uku riga, wuya da hannu da zif da shafi, kuma ki sani hannu shi ne inda kowa ke kuka, ki ba shi sati guda shi kaɗai. Satin ƙarshe ki zaunar da su ki koya musu lissafin kuɗin ɗinki da riƙe littafi, har littafina nake buɗe musu su gani. Wasu suna cewa in kin koyar da komai za su ƙwace miki kasuwa. Ni dai waɗanda na yaye su nake tura wa aiki in ya yi min yawa da azumi, kuma na san hannunsu.

Kuɗin koyo ki rubuta shi a takarda, da abin da ya ƙunsa da abin da ɗaliba za ta zo da shi, almakashi da tef da littafi da yadin gwaji nata ne, zare da allura da mai naki ne kin sa a lissafi. Ki karɓi rabi kafin a fara, ragowar a ƙarshen watan farko, in kika bari sai an gama to sai dai labari. A takardar a rubuta ranaku, da abin da zai faru in ta daina zuwa, da cewa in ta lalata kayan kwastoma da kika ba ta da hannunki ke ce da asara. Uba ko miji ko wani babba ya sa hannu, ba don komai ba sai don kar a wayi gari a ce ba a san tana zuwa ba. Kuma don Allah 'yar mutane koyo ta zo, ba wanke-wanke ba, sharar wajen aiki da tattara ƙyalle dai kowa ya yi.

Akwai kuma gajeren aji wanda shi ya fi saurin kawo kuɗi, na sati biyu a kan abu ɗaya, zanin gado da filon kujera, ko jakar ƙyallen atamfa, ko kayan jarirai. Dogon hutun makaranta wajen watan Agusta iyaye suna neman inda za su kai 'yan mata, ki fara sanarwa tun ana jarrabawa. Ƙyallayen da kike tarawa a buhu a nan za su yi amfani. Aji ta WhatsApp ma yana yiwuwa ga waɗanda suka riga suka iya taka keke, amma ki yi bidiyo gajeru na minti biyu ko uku saboda data, ki kafa wayar a sama tana kallon tebur, ki rufe guruf ɗin ke kaɗai ke magana sai lokacin tambaya, kuma kowacce ta turo hoton aikinta ciki da waje ki gyara mata da murya. Ki sa a ranki wata za ta tura bidiyonki wani wajen, shi ya sa nake faɗin sunan shagona a cikin kowanne. Sabuwa fil kam ba ta koyuwa ta waya, sai an kama hannunta.

Ranar yaye kowacce ta zo sanye da kayan da ta auna ta yanka ta ɗinka da kanta, ba na sa hannu ko a zif. A gayyato iyaye, a yi ɗan zoɓo da cincin, a yi addu'a, ki ba su takardar shaida da sunan wajenki. Ki gaya musu takardar taki shaida ce kawai ta sun koya a wajenki, mai son ta gwamnati akwai jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ta je ta tambaya. Ki ɗau hoto da izininsu, shi ne tallan aji na gaba, kuma ki zo da littafin rajista wajen don a cikin ƙannen da suka zo kallo ake samun 'yan sabon aji. Ita ƙanwar ƙawar tawa kuma na ce mata ta fara da hijabi dozin ɗaya, ranar Asabar za mu shiga Kwari tare ta zo da littafinta.